An cire maka kuɗi amma ba su shiga ba? Ga abin da aka ce a yi

Na tattaro shawarwarin da jama'a suka bayar kan wannan matsalar, don wallahi abin na ci wa mutane tuwo a ƙwarya.

Abu na farko da kusan kowa ya nanata, kar ka goge alat ɗin, ka ɗauki hoton risit, ka kwafe lambar session ID ta tiransifa, mai lamba 30 ɗin nan, don da ita ake bin sawun kuɗin, in babu ita sai ma'aikatan banki su yi ta juya ka yau gobe. In a wurin mai POS ne, karɓi takardar da ta nuna bai wuce ba kafin ka tashi.

Dokar Babban Bankin Najeriya (CBN) ta 2020 ta ce kuɗin POS ko sayayyar intanet da suka maƙale a dawo da su cikin awa 72, na ATM ɗin bankin da ba naka ba kuma awa 48. Ka kai wa bankinka ƙorafi a rubuce ta manhajarsa ko imel, ka nemi lambar ƙorafin. In sati 2 ya wuce shiru, sai ka tura wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN.

Wasu sun ce a je a yi ta kuka a Facebook ko X, ni dai ban so, nan ne 'yan damfara ke fakewa da sunan banki. Duk wanda ya nemi PIN ko OTP ɗinka (lambar sirrin da banki ke turo maka ta waya) wai zai dawo maka da kuɗi, ɓarawo ne, kashe wayar kawai.