Minti Goma da Tashar Sararin Samaniya: Abin da Malamai da Iyaye Suka Gani a Jidda, Riyad da Madina

Malamin kimiyya, Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina koyar da kimiyya a wata makaranta mai zaman kanta a kudancin Jidda, wadda akasarin ɗalibanta 'ya'yan mazauna ne daga Najeriya, Nijar, Sudan da Chadi. Hukumar makarantar ta ɗora mini nauyin binciko yadda ake neman damar da ɗalibai za su yi magana ta rediyo da 'yan sama jannatin da ke Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, a ƙarƙashin shirin ARISS, wanda ƙungiyoyin masu sha'awar rediyo suka kafa a 1996 tare da haɗin gwiwar hukumomin sararin samaniya. Na fahimci cewa reshen shirin na Turai ne ke karɓar takardun makarantun Gabas ta Tsakiya da na Afirka, kuma akwai hanyoyi biyu: ko a kafa tashar rediyo a cikin makarantar a yi magana kai tsaye, ko kuma a haɗa makarantar ta tarho da tashar wani ma'abocin rediyo a wata ƙasa, shi ya miƙa muryar yaran zuwa sama. Abin da takarda ta faɗa na karanta. Ina roƙon waɗanda suka tsaya a wurin da ƙafarsu su gaya mana abin da idonsu ya gani, domin mu san wadda za mu nema.

Injiniyan sadarwa, Riyad:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Ina riƙe da lasisin rediyon sha'awa na Hukumar Sadarwa, Sararin Samaniya da Fasaha, kuma ina cikin waɗanda suka saurara a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da 'yan sama jannatin Saudiyya Rayyana Barnawi da Ali al-Karni suke tashar sararin samaniya bayan tashinsu ranar 21 ga wata, suka yi magana da ɗalibai a nan Riyad da lambar kira HZ0ISS, wato sunan da tashar ke amsawa da shi a rediyo. Ban kasance cikin ɗakin taron ba. A kan rufin gidanmu na tsaya da ƙaramin rediyon hannu da eriya mai kama da tsani a hannuna, na saita zangon 145.800 megahaz, 'ya'yan ƙanwata biyu suna gefena. Da farko babu abin da ake ji sai shuuu, sannan murya ta fara kutsowa a tsinke, can kuma ta fito tangaran, har yaron da ke riƙe da wayar ɗaukar sauti ya ja da baya don mamaki. Amsoshi kawai muka ji, domin zangon da ake aika tambayoyi da shi ba a bayyana shi ga jama'a, saboda haka tsakanin amsa da amsa sai shiru, kowa yana ƙoƙarin canko tambayar da aka yi.

Ra'ayina shi ne ku nemi ta kai tsaye, amma ku san nauyinta tun yanzu. Tashar tana tafiya a nisan kimanin kilomita 400 daga ƙasa, da gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90. Daga ɓullowarta a wannan gefen sama zuwa faɗawarta a wancan gefen, ba ta wuce minti goma, shi ma sai idan ta bi ta kusa da tsakiyar kanku. Don haka ana bukatar eriya mai injin da ke juya ta hagu da dama, sama da ƙasa, kwamfuta tana yi masa jagora, ga kuma tashar rediyo ta biyu cikakkiya da batirinta da ke jiran ko-ta-kwana. Akwai kuma abin da ake kira tasirin Dofla: idan tashar tana tunkaro ku, sautinta yana zuwa sama da zangon da kimanin kilohaz 3, idan ta juya baya kuma ya sauka ƙasa da shi, dole a riƙa bin sa. Wanda zai zauna gaban na'urar sai mai lasisi, kuma ina ba ku shawara ku tuntuɓi Ƙungiyar Masu Sha'awar Rediyo ta Saudiyya da hukumar sadarwa kafin ku sayi ko waya guda, domin shigo da na'urar aika sauti ba tare da tasrihi, wato izinin hukuma, ba kan jawo wa mutum abin da bai shirya masa ba. Duk da wannan wahala, yaron da ya ga eriya tana juyawa da kanta a kan rufin makarantarsu ya koyi abin da tarho ba zai koya masa ba.

Malamar Turanci, Jidda:

Injiniya, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Makarantar da na koyar a baya, kafin in dawo Jidda, ta hanyar tarho ta yi nata, kuma ban ga yaro ɗaya da ya fita yana cewa an rage masa wani abu ba. Tashoshin da ke yin wannan hidima suna ƙasashe irin su Italiya, Beljiyam, Ostireliya da Afirka ta Kudu, a hannun mutanen da suka saba da aikin. Amfaninta babba shi ne ba sai tashar sama ta bi ta kan garinku ba, ya isa ta bi ta kan ɗaya daga cikinsu a lokacin da ɗalibanku suke makaranta. Ga makarantar da ke tsakiyar dogayen gine-gine, wadda rufinta cike yake da tankunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne horar da yara. Ana aika tambayoyin tun kafin ranar, ɗan sama jannatin yana da kwafinsu a hannu, saboda haka ba a canja su, ba a kuma canja jerin masu yin su. Mun shirya tambayoyi 20. Kowane yaro zai faɗi sunansa na farko, ya karanta tambayarsa, ya ce "over", alamar ya gama magana, ya kauce nan take domin na bayansa ya riga ya matso bakin makirfo. Tarbiyyarmu ta gaishe-gaishe ce ta zama matsala, domin yaranmu ba su iya fara magana da babba ba tare da sallama da tambayar lafiya ba, kuma sai da muka yi ta maimaitawa kafin su yarda cewa a wannan karon gajarta magana ita ce ladabi. Mun manna tef a ƙasa inda kowa zai tsaya, wani malami yana kwaikwayon ɗan sama jannati daga bayan labule, wani yana riƙe da agogo.

Ranar kuwa, an haɗa layin tun da sauran lokaci mai yawa, aka gwada sauti. Da lokaci ya yi sai muka ji ma'abocin tashar yana kiran lambar tashar sama, babu amsa, ya sake kira, babu amsa. Yarinyar da ke kan gaba tana riƙe da katinta da hannu biyu, katin yana rawa. A kira na gaba murya ta amsa, kuma da ba mu riga mun gargaɗi iyaye cewa tafi sai a ƙarshe ba, da ihun ɗakin ya cinye tambaya biyu.

Mahaifiyar ɗaliba, Makka:

Malama, abin da kika faɗa haka yake, sai dai ina so in ƙara ɓangaren da malamai ba su cika gani ba. 'Yata ta shiga irin wannan taro a makarantar da take kafin mu tare a Makka, kuma tana kusa da ƙarshen layi. Ta haddace tambayarta, a kan yadda ake wanke jiki inda ruwa ba ya zuba, har ƙannenta suka haddace tare da ita. Saura yara biyu a gabanta muryar ta fara dusashewa, mai gabatarwa ya katse ya yi godiya, aka tafa, shi ke nan. Ba ta yi kuka a wurin ba, sai a mota. Ban ga laifin kowa ba, domin ɗan sama jannatin ya tsawaita wasu amsoshi ne saboda jin daɗin tambayoyin, amma babu wanda ya taɓa gaya wa na ƙarshen layi cewa wataƙila ba za a kai kansu ba. Malam, ka gaya musu wannan tun ranar farko, a gaban iyayensu, kuma ka yi ƙuri'a wajen jera su domin kada a ce an fifita ɗan wane.

Malamin kimiyya, Jidda:

Hajiya, na gode ƙwarai, na rubuta wannan. Allah ya yi wa yarinyar albarka.

Mataimakin shugaban makaranta, Madina:

Mu mun nema, an karɓe mu, kuma a kan lokaci muka fi shan wuya, saboda haka a nan zan tsaya. Tsakanin miƙa takarda da ranar magana watanni ne masu yawa, yakan kai kusan shekara. Ba a ba makaranta rana tsayayya tun farko; mako ake warewa, sannan a kawo wasu lokuta a ce ku jera su bisa wanda kuka fi so, tabbacin ƙarshe kuma ba ya zuwa sai ana saura kwanaki kaɗan. Ko bayan haka ana iya ɗagawa idan wani aiki ya taso a tashar, kamar isowar kumbon kaya ko fita gyara a waje. Makaranta ce ke bin jadawalin tashar.

Ga lissafin da ya kamata kowace makaranta a ƙasar nan ta yi kafin ta cika takarda. Ma'aikatan tashar suna aiki da agogon GMT, mu kuma muna gabansa da sa'a uku. Suna tashi daga barci wajen ƙarfe 6 na safe a agogonsu, wato ƙarfe 9 a namu, kuma kafin su shiga aiki sosai hantsi ya yi nisa a nan, an fara tunanin azahar da tashi daga makaranta. Hutunsu galibi Asabar da Lahadi ne, namu Juma'a da Asabar, don haka ranakun da muka haɗu da su Litinin zuwa Alhamis ne kawai. Ka cire makonnin jarrabawa, da azumi inda ake rage sa'o'in karatu, da hutun sallah biyu, da dogon hutun zafi, ka ga abin da ya rage. Lokacin da aka ba mu ya faɗo bayan la'asar, sai da muka sake tsara motocin ɗaukar yara, muka nemi izinin iyaye a rubuce, musamman na 'yan mata, muka kuma tsara inda za a yi salla kafin a shiga ɗakin taro. A takardar nema akwai wurin rubuta ranaku da sa'o'in da za ku iya. Ku faɗaɗa shi iyakar iyawarku, ku haɗa da yamma. Wannan ne ya sa na karkata ga ra'ayin Malama, domin hanyar tashar tana karkace da digiri 51.6 daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, garuruwan Turai sun fi mu samun wucewarta a jere, mu da muka fi su kusa da wannan layi wucewa mai kyau ba ta da yawa a yini.

Tsohon malamin firamare daga Mai Wurno ta Sudan, mazaunin Madina:

'Ya'yana, ni ban taɓa riƙe irin wannan rediyo ba, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ba wanda zai yi gangancin ɗaga eriya a kan rufi a can. A rediyon gida na ji labarin tafiyar Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a kumbon Discovery a Yunin 1985, ina ƙaramin malami. Abin da na yi da ɗalibaina daga baya ba ya cin ko sisi. Wani tsohon ɗalibina yakan aiko mini da lokacin wucewar tashar, in tara yara a fili bayan magariba, mu gan ta da idonmu, haske fari da ba ya ƙyaftawa, yana ratsa sama cikin 'yan mintuna, wani lokaci ya ɓace tun bai kai ƙarshen sama ba saboda ya shiga inuwar duniya. Daga nan tambayoyi ke fitowa da kansu: me ya sa ba ta faɗowa, me ya sa muke cikin duhu ita tana cikin rana, yaya mai salla yake gane alƙibla a ciki. Malam, ka fara da wannan, za ka samu tambayoyin da suka fi na kwafowa daga intanet.

Injiniyan sadarwa, Riyad:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Na karɓi hujjar Malama da ta Mataimaki a kan lokaci, amma ina nan a kan cewa yara su taɓa rediyo da hannunsu, ko da ta tarho za a yi a ƙarshe. Masu duba takardun suna auna tsarin koyarwar da za a yi kafin ranar, kuma akwai abubuwa biyu da za ku iya sakawa a ciki tare da mai lasisi. Lokaci zuwa lokaci tashar tana aiko da hotuna ta hanyar sauti. Ana kara wayar hannu kusa da lasifikar rediyo, manhaja ta mayar da ƙarar hoto, layi bayan layi, cikin kimanin minti biyu. Na biyu shi ne tauraron ɗan adam SaudiSat-1C, wanda 'yan rediyo ke kira SO-50, da Birnin Kimiyya da Fasaha na Sarki Abdul'aziz ya ƙera aka harba a Disambar 2002; ana sauraronsa a 436.795 megahaz, kuma bin sa da eriyar hannu horo ne mai kyau na nuna eriya da gyara zango. Ku kuma lura cewa an tsara tashar za ta yi aiki ne zuwa 2030, don haka kada takardarku ta kwana shekara a ofishin mudiru, wato shugaban makaranta. Idan kun tsai da shawara, ku fara hawa rufin makarantar da kamfas mai nuna arewa, ku rubuta tsayin gine-ginen da ke kowace kusurwa, domin mai ba da shawarar fasaha da za a haɗa ku da shi zai bukaci wannan kafin ya ce muku kai tsaye za ta yiwu ko ba za ta yiwu ba.