Neman burbushin halittun da suka zama dutse a Sakkwato

Tambaya: Malamai, a ina zan samu burbushin halittun teku a yankin Sakkwato, kuma yaya zan fahimci duwatsun wurin?

Malamin Dange: Ɗan'uwa, fara da Dange da Wurno, inda zaizayar damina ke tono haƙoran kifaye da ƙasusuwan kada da kunkuru, domin teku ya rufe yankin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ma cike take da ɓawon dodon koɗi.

Ɗalibar Jami'a: Gaskiya ne, Malam, amma a nemi izinin dagaci tukuna, a rubuta wurin da aka tsinci kowane abu, sannan a kai shi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a tantance.