Shawarar Majalisarmu Kan Saran Daji

Daren Juma'a bayan Isha'i, hirar majalisarmu a Tudun Wada ta koma kan motocin gawayi da ke shigowa Kaduna ba dare ba rana. Wani malamin makaranta ya ce abin ya game duniya: FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta an riƙa sare daji hekta miliyan 10 duk shekara daga 2015 zuwa 2020. A Brazil kiwon shanu ke cinye dajin Amazon, a Indunusiya gonakin kwakwar manja. Mu kuwa, gawayi da faɗaɗa gona.

Hajiya mai tuwo da ke gefenmu ta tambayi da me talaka zai yi girki, tunda gas ya fi ƙarfinsa. Gaskiyarta, shi ya sa aka fi tsayawa kan murhu mai tsimin itace.

Wani dattijo ya ce a sassabe reshe a bar gindi, a kuma reni tohon kututture a gona, yadda manoman Maraɗi suka farfaɗo da ƙasarsu. Kaɗanya da ɗorawa kam, ƙona su asara ce, wallahi zuciyata na ƙuna idan na gani. Dashe kuma a yi shi farkon damina, a kife masa tsohon kwando saboda awaki.