Fitsarin kwance ga dattijo: a sa robar fitsari ko a tsaya kan pampas?

Abu_Hafsa: Assalamu alaikum. Mahaifinmu shekararsa 71, yana tafiya da ƙafarsa, hankalinsa garau. Kwanan nan ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci, bai ma san ya yi ba sai da safe. Da rana fitsarin siriri yake fita, sai ya yi ta yunƙuri. Yana shan maganin hawan jini har da furosemide, mai sa yawan fitsari. Yayyena sun ce a sa masa robar fitsari kowa ya huta, ni na fi son pampas na manya. Wanne ya fi?

Garkuwa77: Wa alaikumus salam. Pampas, amma a auna ƙugunsa, domin wanda ya yi yawa ta cinya yake yoyo. A kwantar da gaban ya dubi ƙasa kafin a liƙe, in ya dubi sama fitsarin ta wajen cibiya zai yi yoyo. Kada a haɗa biyu, bayan na cikin leda ne, ba abin da zai wuce zuwa na wajen. A rage ruwa awa uku kafin kwanciya, ban da shayi da kofi da yamma. Man kare fata mai zinc a shafa kaɗan, in ya yi kauri yana toshe audugar ta daina tsotsa.

Inna_Nas: Akwai hanya ta uku, kwaroron fitsari. Ana sa shi daga waje, a jona da jakar dare mai lita 2, a rataye ta ƙasa da gado. Girmansa daga milimita 25 zuwa wajen 40, akwai takardar awo. A rage gashi da almakashi, ban da reza. A wanke, a bushe sarai, ba mai ba hoda, in ba haka ba ɗankon ba zai kama ba. A bar tazarar kamar santimita 2 a bakin, a canza duk awa 24.

Na_Gefe: Matsalar awon nan, Inna, duk namijin da aka tambaya 40 zai ce.

Dogo_Tiyata: Ana dariya, amma wannan kwaroron ya nakasa mutane. Wani dattijo nasa ya riƙa zamewa cikin dare, sai 'ya'yansa suka naɗe shi da filasta zagaye uku, irin wanda ba ya talewa. Yana da ciwon suga, jijiyoyin sun mutu, bai ji zafi ba. Ranar da aka kwance, fatar ta kumbura ta yi baƙi, akwai zobe na gyambo daidai inda filastan ya ci. Sai da aka yanke naman da ya mutu. Wanda ya sayar musu bai ce musu uffan ba game da awo. Ba a ɗaure shi da filasta, ba a ɗaure shi da zare ko roba, ko da wasa. Haka maƙalar nan da ake matse gaba da ita, ta rana ce, ana sassautawa duk awa biyu, ba a barci da ita.

Garkuwa77: Shi ya sa na ce pampas. Kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Inna_Nas: Ba haka ba ne. Mai zuba sosai sai an canza masa biyu a dare, ga wanki. Kwaroro ɗaya ne a yini.

Garkuwa77: Kin manta kuɗin jakar da waɗanda ake lalatawa kafin hannu ya saba.

Likitan_Koda: Cikinku ba wanda ya karanta tambayar. Dattijon da bai taɓa fitsarin kwance ba ya fara, ga fitsari siriri da yunƙuri, abu na farko da ake zargi mafitsara ce ta cika maƙil saboda furostet, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji, ya matse bututun fitsari, rarar ce take tsiyaya in ya yi barci. Sau da yawa ba ciwo ko kaɗan, amma matsin yana komawa sama ya lalata ƙoda. Abu_Hafsa, kafin ku sayi komai a yi sikanin mara bayan ya gama fitsari. In abin da ya rage ya haura mililita 300, maganar ta canza, a nan robar magani ce ba hutu ba. A gwada creatinine (awon aikin ƙoda) da suga da fitsarin kansa. Kada kowa ya ba shi oxybutynin, maganin kwantar da mafitsara, kafin sikanin, ƙara riƙe fitsarin zai yi, ga ruɗa tsofaffi. Furosemide kuma ƙarfe nawa yake sha? In da dare ne, likitansa ya dawo da shi aƙalla awa shida kafin barci. Ku rubuta awon fitsarinsa na kwana uku. In na dare ya wuce kashi ɗaya cikin uku na fitsarin awa 24, a duba kumburin ƙafa da minshari.

Garkuwa77: Ranka ya daɗe, ku rubutu kuke yi, ba ku kuke wanke zanin gado da asuba ba. Kafin a samu layin sikanin a kan me zai kwana?

Likitan_Koda: A kan pampas ɗinka da ledar katifa, ban hana ba. Na ce kada a tsaya nan.

Dogo_Tiyata: Ni abin da ke ci mini rai, a sa wa mutum roba a sallame shi ba a gaya masa ranar canji ba. Ta latex ta gama-gari ba ta wuce mako huɗu, ta silikon zalla tana kai mako 12. Sai ka ga an dawo da tsoho da zazzaɓi, robar ta toshe da tsakuwa, jakar kuma an ɗora ta kan gado fitsari yana komawa ciki.

Inna_Nas: Ana faɗa, Malam Dogo. Wanda aka yi wa bayanin daban, wanda ke kwana da maras lafiya daban.

Abu_Hafsa: Na gode muku. Da yamma yake shan furosemide, wajen ƙarfe takwas. Sikanin kuma sai ya zo da mara cike, ko yaya ake yi?

Na_Gefe: Ai a cewar likita marar Baba kullum a cike take.