A cire tamostat ko a bar shi? Gardamar zaure kan tsohuwar Kuruza

Mai Kuruza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Kun san tsohuwar Land Cruiser ɗin marigayi mahaifinmu, ƙirar 80, 'yar 1994, mai injin fetur silinda shida, lita 4.5, wadda nake ta lallaɓawa a gida duk Asabar. Na sauya mata birki, na sa sabon shokozoba, na ɗan ɗaga ta saboda ramukan hanyar gona. Jiya na ɗauki taki buhu takwas zuwa gonarmu ta wajen Soba. Ina sauka daga kwalta na sa ogzileri, wato ƙaramar giyar ƙarfi, a cikin laka, sai allurar zafi ta fara hawa. Na tsaya na ɗaga bonet, ruwa na ta ɓulɓula a 'yar robar gefen lagireto. Bakaniken da na kira ya ce magana ɗaya ce: a cire tamostat a yar, a ɗaure fanka dairek, wai kayan ƙasar ƙanƙara ne, ba na nan ba. Kafin in sa sifana na ce bari in ji ta bakinku.

Oga na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Alhaji, wanda ya gaya maka haka ya san aikinsa. Ni duk motar Beljiyam da ta shigo garejina, kafin mai ita ya gama gaisawa na ciro wannan ɗan ƙarfen. Aikinsa me? Tare ruwa yake yi, ya hana shi zuwa lagireto sai inji ya ɗauki zafi. Wanda ke cikin ƙanƙara shi ke neman zafi. Mu nan a watan Afrilu ko ƙwai ka fasa a kan bonet sai ya soyu. Cire shi ka huta.

Malamin Kimiyya: Oga, Allah ya ƙara wa hannu albarka, amma nan kam ban bi ka ba. Kuruza ba don Turai aka yi ta ba. Japan ta ƙera ta, kuma inda aka fi sayenta har da Saudiyya da Dubai da Ostireliya. Duk wanda ya yi Umra a lokacin zafi ya san ranar Makka ta fi ta Zariya, kuma da tamostat ɗinsu suke hawa tudun yashi. Alhaji, in ka ciro naka ka goge, za ka ga an buga 82 a jikinsa. A digiri 82 yake fara buɗewa ke nan, ya gama buɗewa wajen 95. Zafin Afrilun da Oga ke faɗa bai wuce 40 ko ya ɗan haura ba. Inji kuwa sama da 80 yake son zama, a Samaru yake ko a Rasha. Da zarar tamostat ya buɗe, ya fita daga maganar, ruwa wucewarsa yake yi. In mota ta tafasa bayan nan, a nemi ɓarawon a wani wuri.

Oga na Sabon Gari: "Da zarar ya buɗe." To in ya ƙi buɗewa fa, Malam? Ai nan gizo ke saƙar. Ka je kasuwa ka sayi sabo fil a kwali mai jan rubutu, wata uku ya ƙame a rufe, don jabu ne. Kana tsakiyar daji, kafin ka ankara tof gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gindinsa, ta ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Kan injin Alhaji alminiyom ne, gindin ne ƙarfe. Ya ji wuta sau ɗaya, ya lanƙwashe, sai an kai shi an share. Ku a littafi kuke gani, mu muke kwance injin da hannunmu. Ban taɓa ganin injin da sanyi ya kashe a garin nan ba.

Baba Direba: Ka gani, yaro, ba ka dai san sanyi ne ya kashe shi ba. Ni na ja Pijo 504 ta Kaduna shekara da shekaru a hanyar Funtuwa, duk a cire muke tafiya, haka iyayen gidanmu suka koya mana. Da hunturu in na tashe ta da asuba a Tudun Wada, sai na wuce Kwangila tana tari tana neman cok, abin da ake ja a ƙara wa inji mai sanyi fetur. Baƙin mai kuwa kafin lokacinsa ya tsinke yana warin fetur. Zoben fistin muna ta sauyawa, muna cewa halin Pijo ne. Sai da na koma jan motar ma'aikata, inda ba a yarda ka taɓa komai ba, na ga inji ya ninka shekarun namu ba a buɗe shi ba. Amma abin da Oga ya faɗa na ƙamewa ba ƙarya ba ne. Ya taɓa ritsa ni da dare. Na jira inji ya huce, na cire tamostat ɗin, na iso gida. Washegari na sayi wani na sa.

Hajiya Mai Gona: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ban san inji ba, amma na san aljihuna. Hilux ɗina ta fetur da aka cire mata tamostat aka yi wa fanka walda, ƙarar fanka kamar jirgi zai tashi, kuma man da yake kai yarana Giwa su dawo da saura ya daina isa. Na ɗauka direba ne ke zuƙewa, har na yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 ni lita ɗaya ma ƙirga ta nake yi. Malam, mene ne haɗin wannan da shan mai?

Malamin Kimiyya: Haɗi kai tsaye, Hajiya. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke auna wa inji fetur, tana da ɗan ma'auni a cikin ruwan inji. In ta ji ruwa da sanyi, sai ta ɗauka yanzu aka tashe ta, ta ƙara fetur, kamar yadda Baba yake jan cok. In ruwan bai taɓa kaiwa zafin aiki ba, haka za ta yi ta ƙari har ki je Giwa ki dawo. Fetur ɗin da bai ƙone ba shi ke wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa, warin da Baba yake ji ke nan. Sannan akwai gumin ruwa da ke taruwa a cikin inji, zafi ne ke kore shi. In babu zafin, sai ya haɗu da mai ya zama dagwalo a ƙarƙashin murfi.

Oga na Sabon Gari: Kuruza 80 da yawa da suka shigo ƙasar nan kafireta ne, tsohon tsarin ba inji fetur, ba su da wata ƙwaƙwalwa.

Mai Kuruza: Tawa injekta ce, mai ƙwaƙwalwa, Oga.

Oga na Sabon Gari: To.

Ɗan Auta: Ni ina bayan Malam. Kuma na ji an ce in an cire tamostat ruwa gudu yake yi da yawa, ba ya samun tsayawa a lagireto ya huce, shi ya sa wasu motocin ke ƙara zafi bayan an cire.

Malamin Kimiyya: Ƙanina, na gode da goyon baya, amma wannan hujjar ajiye ta, ba ta da ƙafa. Ruwan da ya yi saurin barin lagireto ai ya yi saurin barin inji ma, bai ɗauki zafi da yawa ba, kuma zai dawo zagaye na biyu da wuri. Gudu ba ya hana hucewa. Abin da ke sa wasu motoci ƙara zafi daban ne. Injina da yawa suna da gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikinsu ba tare da ya je lagireto ba, don su yi saurin ɗumama. Tamostat ɗin irin waɗannan yana da ɗan faranti a gindinsa, yana buɗe hanyar lagireto yana toshe gajeriyar a lokaci guda. Ka cire shi, ka bar ƙofa biyu a buɗe. Ruwa kuwa malalaci ne, ta kusa zai bi.

Oga na Sabon Gari: Hahaha, yau Malam ya kori ɗalibinsa daga aji. Wannan ai mun sani. Shi ya sa a wasu motocin ba ma cirewa gaba ɗaya, cikin muke fasawa mu mayar da zoben.

Malamin Kimiyya: Ashe kai ma ka san ramin nan ba a barinsa haka.

Oga na Sabon Gari: Ban ce komai ba.

Baba Direba: Ku bar tamostat haka, maganar fanka ta fi ba ni tsoro, tunda Alhaji rafi yake tsallakawa. Fankar Kuruza ba ta lantarki ba ce, fambel ke juya ta, kuma a tsakiyarta akwai kulocin da ke da wani mai mai kauri a ciki. In iskar lagireto ta yi zafi ya kama, in ta huce ya saki. Ka yi masa walda ko ka ɗaure shi da noti, ya zama ba saki. Na gani da idona a wani rafi da damina, wata jif ta shiga ruwa da fanka a ɗaure, fukafukan suka kama ruwa kamar farfelar jirgin ruwa, suka lanƙwaso gaba suka yanka lagireto. Sai da tarakta ta ja ta. Ban da wahalar da famfon ruwa ke sha. Kuma Alhaji, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. Tabon yana nan a hannuna na dama, ya girmi Ɗan Auta.

Shugaban Zaure: Jama'a, saƙo ya yi yawa, har masu tallan taya sun rasa wurin shiga. Gani ya kori ji. Alhaji, motar tana gidanka, sifana tana gidanka. Ciro shi ka dafa mu gani.

Mai Kuruza: To, na dawo da rahoto. Bayan la'asar na tsiyaye ruwan a bokiti, ja-ja-jawur da tsatsa, don gaskiya ruwan burtsatse nake zuba mata tun da na karɓe ta. Na bi babban tiyo na ƙasa har inda ya shiga inji, na kwance, ga tamostat, 82 a jikinsa kamar yadda Malam ya ce. Na ɗaura masa waya na rataye shi a cikin tukunya kada ya taɓa gindi, na ɗora a risho, na tsoma ma'aunin zafi da na aro wajen maƙwabcina mai gidan burodi. Yara sun kewaye ni suna tambaya ko miya ce. Har 80 shiru. Yana ɗan haurawa sai na ga bakinsa ya rabu kamar ƙwayar da ta tsaga, siriri. Kafin ruwan ya tafasa sosai ya buɗe har ƙaramin yatsa zai kusa shiga. Na sauke, ya huce, ya rufe ruf. Sau biyu na maimaita.

Sai na haska tocila tsakanin lagireto da na na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa. Jama'a, gona guda ce a wurin. Busasshiyar laka, ƙaiƙayin masarar bara, ciyawa, gashin kaza, har da ledar ruwa. Rabin ƙasa ko haske ba ya ratsawa. Murfin lagireto kuma robarsa ta tsattsage. Fanka ban gwada da zafi ba tunda na riga na kwance, amma da na tura ta da yatsa ta yi ta juyawa kamar ta silin, kuma duk tsakiyarta maiƙo ne da ƙura ta manne.

Malamin Kimiyya: Ɓarayi uku ka kama a rana ɗaya. Murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsi, yawanci za ka ga 0.9 a kansa. Zariya tana sama da mita 600 daga teku, ruwa a buɗe wajen digiri 98 yake tafasa a nan. Da lafiyayyen murfi sai ya kusa 120. Wato da murfinka na yanzu, tazarar da ke tsakanin zafin aiki da tafasa 'yar kaɗan ce. Ga taki buhu takwas, ga laka, inji na nishi, mota ba ta gudu balle iska ta shigo, fanka kuma ta yi ritaya. Ka wanke lagireton daga baya zuwa gaba, ba da ruwa mai ƙarfin da zai kwantar da haƙoransa ba. Ka bar ruwan burtsatse, shi ke toshe bututun da farin gishiri irin na gindin buta, ka sa kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don lagireto. In za ka mayar da tamostat, ɗan ƙusan nan mai motsi da ke gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita. Kuma kada ka cika yarda da allurar ƙirar 80, takan zauna tsakiya zafi na ta hawa, sai abu ya yi nisa take motsi.

Oga na Sabon Gari: Tukunyar uwargida daban, hanyar Soba daban. Ya buɗe yau, wa ya ce zai buɗe gobe? Ƙarfen da ba ka san shekarunsa ba. In dai kun dage, to kada ka mayar da tsohon, kuma kada ka sayi na kan tebur. Ka aika Ƙofar Ruwa ko Panteka wajen wanda ka yarda da shi, sabon ma ka dafa shi kafin ka ɗaura. Kulocin fankar kuma kawo mini, ana buɗe shi a zuba man silikon, ba sai ka sayi sabo ba in roba ba ta mutu ba.

Hajiya Mai Gona: Oga, ashe ana gyara shi? Ni da aka ce mini sai walda?

Oga na Sabon Gari: Hajiya, ba a garejina aka yi miki ba.

Ɗan Auta: Wato Oga ya sauko ke nan?

Oga na Sabon Gari: Ban sauko ba, yaro. Tawa motar har gobe babu shi a ciki, kuma lafiya lau take kai ni Kano. Alhaji dai ya ajiye sifana da jarkar ruwa a bayan kujera. Ranar da ya ƙame masa a daji, shawarata zai bi, ba ta Malam ba.

Baba Direba: Wannan kam haka ne. Ya dai jira ya huce tukuna.

Mai Kuruza: Na ji duka. Gobe da safe zan kawo maka kulocin, Oga. Asabar mai zuwa akwai sauran taki buhu takwas, hanya ɗaya, laka ɗaya. Zan tsaya daidai inda ta tafasa in ɗauko muku hoton allurar.

Oga na Sabon Gari: Da inji a kunne za ka ɗauka, ba bayan ka sha iska minti ashirin a gindin mangwaro ba.