Wa Ya Tsarkake Dutsen Apache?

Abban Khalifa: Jama'a barkanmu da dare. Wallahi akwai abin da ya tsaya min a rai, ko da yake na san ba wanda zai kula tunda ba maganar ƙwallo ba ce. Amurkar nan da ke fitar da rahoto duk shekara a kan 'yancin addini a ƙasashen mutane, ita ce ta ɗauki wani wuri mai tsarki na ƙabilar Apache a jihar Arizona, ana ce masa Oak Flat, ta ce kamfanin Resolution Copper ya haƙi jan ƙarfe a ciki. Eka 2,422 cur. A nan suke addu'o'insu, a nan suke bikin kwana huɗu na 'yan matansu idan sun balaga. Haƙar kuma ba ta diga da shebur ba ce. Ta ƙarƙashi za a riƙa kwashe dutsen, saman yana ruftawa sannu a hankali har ya zama rami mai faɗin kusan kilomita 3, zurfin mita 300. Sun kai kuka har Kotun Ƙoli, ranar 27 ga Mayun 2025 ta ce ba za ta ma saurare su ba. Ina masu kare haƙƙin ɗan Adam ɗin?

Ustaz Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Abban Khalifa, ka ji tsoron Allah ka gyara kalamanka. Wuri mai tsarki? Wa ya tsarkake shi? Masallatai uku kaɗai aka ce a ɗaura niyyar tafiya dominsu, Makka da Madina da Ƙudus. Ban ji Arizona a ciki ba.

Abban Khalifa: Allah gafarta Malam, a wurinsu nake nufi.

Ustaz Abu Sumayya: To ka rubuta "a wurinsu". Akwai yara a zauren nan.

Maman Walida: Haba Malam, kowa fa ya gane abin da yake nufi. Idan Kirista ya ce cocinsa mai tsarki ne, sai ka bi shi da jan biro?

Ustaz Abu Sumayya: Hajiya, Kirista ma'abocin littafi ne. Waɗannan kuwa dutse da bishiya ne.

Barista: Malam, ka san su ne? Su dai cewa suke Mahalicci suke roƙo a wurin. Kuma ko ma mene ne suke bauta wa, ba shi aka kai kotu ba. Ƙungiyar Apache Stronghold ta Wendsler Nosie ta dogara ne da dokar kare 'yancin addini ta 1993, wadda ta hana gwamnati ɗora wa ibadar mutum nauyi mai tsanani ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta zauna da alƙalai 11 a watan Maris na 2024, shida suka ce tunda filin na gwamnati ne, abin da ta yi da kayanta ba ya cikin nauyin da dokar ke nufi, biyar suka ƙi. Wato a hana ka shiga wurin ibada laifi ne, amma a shafe wurin gaba ɗaya daga doron ƙasa ba komai. Ni nan ne kaina ya ɗaure. Dokar nan kuma ita ce Musulmin Amurka ke fakewa da ita, in ta yi rauni har su abin zai shafa.

Ustaz Abu Sumayya: Barista, ni ban yi maganar kotu ba. Kalmar tsarki nake magana. Kar ka haɗa Musulmi da masu bautar dutse a jimla ɗaya.

Auta: Yaya Barista, wai Apache ba jirgin yaƙi ba ne mai saukar ungulu?

Barista: Sunansu aka sa wa jirgin, Auta. An yaƙe su, aka tattara su a keɓaɓɓun yankuna irin San Carlos, har jagoransu Geronimo ya miƙa wuya a 1886, daga baya kuma aka ɗauki sunan aka liƙa wa makami.

Auta: Kai! An ci gari an kuma ci suna.

Injiniya: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wanda ke rubutu a nan da waya yake yi, kuma cajar da ke jikin bango jan ƙarfe ne a cikinta. Sola, taransifoma, injin famfo, motar lantarki, duk shi ne. Abin da ke ƙarƙashin wurin nan, a zurfin fiye da kilomita 2, kamfanin ya ce zai iya biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar Amurka. Kuma ba ƙwace aka yi ba, musaya ce, kamfanin ya amince ya ba gwamnati fili sama da eka 5,000 a wasu wuraren. Akwai ma 'yan ƙabilar da ke aiki da kamfanin. Son zuciya ne kawai a ce kar a taɓa.

Maman Walida: Injiniya, a tone makabartar garinku a ba ku fili ninki biyu a bayan tasha, ka yarda?

Injiniya: Hajiya ki bar iyayena a kabarinsu don Allah.

Maman Walida: Au, ashe da zafi. Ni 'yar Zamfara ce, a 2010 yara kusan 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda zinare. A tsakar gida ake daka dutsen, mata na niƙa, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Duk wanda ya zo min da lissafin arzikin ƙasa sai na tambaye shi wa zai sha ƙurar.

Injiniya: Wancan haƙar gargajiya ce ba tsari. Wannan Rio Tinto ne da BHP, manyan kamfanonin duniya, su ke da Resolution Copper.

Barista: Rio Tinto ɗin da a watan Mayun 2020 ya sa nakiya ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan Gorge a Ostareliya, inda mutanen asalin ƙasar suka zauna tun shekara 46,000? Sai da shugaban kamfanin ya sauka.

Ustaz Abu Sumayya: Shekara 46,000 kuma? Wa ya ƙirga?

Ɗan Maraɗi: Ku tambaye mu. Faransa ta yi sama da shekara 50 tana kwasar yuraniyom a Arlit, fitilun Paris na ci, mu muna kwana a duhu. Shi ya sa sojojinmu suka ce ya isa.

Injiniya: To yanzu da suka ce ya isa, wutar ta zo?

Ɗan Maraɗi: Kai ne za ka yi maganar wuta? Ba ku ne kuka yanke mana ita a 2023 ba, asibitoci na aiki da janareto? Munafukan maƙwabta.

Injiniya: Ni na yanke? Ni kaina yau gidana ba wuta. Ka janye kalmar munafuki.

Ɗan Maraɗi: Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sarkin Yaƙi: Duk aikin Trump ne wannan, mutumin nan ba abin da ya sani sai kuɗi.

Barista: A'a. Obama ne ya sa hannu a kan dokar musayar filin a watan Disambar 2014. Ƙudirin ya sha faɗuwa shi kaɗai, sai Sanata John McCain da abokansa suka cusa shi cikin dokar kasafin tsaro, wadda ba mai iya ƙin ta. Tun 1955 Shugaba Eisenhower ya hana haƙa a eka 760 na wurin. Gwamnatin Trump ta fitar da rahoton muhalli da ke buɗe hanyar musayar a Janairun 2021, ta Biden ta janye shi a Maris amma lauyoyinta suka ci gaba da kare musayar a kotu. Kuma alƙalan Kotun Ƙoli da suka ce ya kamata a saurari Apache, Gorsuch ne da Thomas, duka masu ra'ayin riƙau. Gorsuch cewa ya yi da tsohon babban coci ne gwamnati za ta rushe, da kotun ta samu lokaci.

Sarkin Yaƙi: Obama ba zai yi haka ba. Kawo hujja.

Barista: Kai ka kawo taka tukuna.

Sarkin Yaƙi: Na ji a rediyo.

Abban Khalifa: Jama'a don Allah, ni fa munafuncin Amurka na kawo.

Ustaz Abu Sumayya: Har yanzu ba ka gyara rubutunka na farko ba.

Maman Walida: Malam, kai ma ba ka amsa min maganar coci ba, zamewa ka yi.

Ustaz Abu Sumayya: Ba na jayayya da mata a bainar jama'a.

Maman Walida: Amma kana karɓar kuɗin adashe a hannunsu a bainar jama'a.

Auta: Wayyo cikina!

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka tattauna a taƙaice. Abban Khalifa ya kawo labarin wata ƙabila a Amurka da ke hana a haƙi ma'adini saboda al'ada. Malam ya yi masa gyara mai kyau a kan aƙida, Allah Ya saka. Injiniya, wanda shi ne masanin harkar a cikinmu, ya nuna da hujjoji cewa duniya ba ta tafiya sai da jan ƙarfe, kuma musaya ce da fili ninki biyu, kuma mafi yawanmu mun gamsu. Barista ya kawo wasu ranaku. Ɗan Maraɗi zai ba Injiniya haƙuri kafin a sake buɗe masa baki. Masu buƙatar wayar sola, kayana sun iso daga Legas, jan ƙarfe zalla ba gauraye, a same ni ta bayan fage. Na rufe zaure sai bayan Asuba.