JAMB bana, ko in bari sai na gama da BAC?

Ƴar Zango:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karatu ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya sha mini kai.

Ina tarminal D, ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya, a nan Damagaram, shekarata 18. Famasi nake so in karanta, kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, don innata Bakanuwa ce, ƙanwarta na aure a Kabuga, kusa da tsohuwar jami'a. Wurin kwana da abinci ba matsala ba ne ke nan. A can aka haife ni, NIN ma, lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, ina da ita tun wani hutu da na je.

Baba atamfa da shadda yake saidawa a Kasuwar Dole, sarinsa a Kantin Kwari. Can ya jiyo wajen abokan cinikinsa cewa an kusa buɗe rajistar JAMB, jarabawar shiga jami'a ta Najeriya. Ya dawo da lissafinsa a shirye: in zai je sarin kayan salla mu tafi tare in yi rajista, Afrilu in koma in zana, in dawo in yi BAC ɗina, jarabawarmu ta gama sakandare, kafin ƙarshen shekara ina jami'a. Ya ce zaman shekara guda a gida ga ɗiya mace ba alheri ba ne, masu zuwa gaisuwa za su fara yawa a ƙofar gida. Na san abin da yake nufi, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ni kuma gabana faɗuwa yake. Muwayan ɗina, wato matsakaicin makina, na zangon farko 11 da ɗoriya ne cikin 20, ba na cikin waɗanda za a ce BAC ta zama tasu. Jiya na ari wayar yayana na gwada tsofaffin tambayoyin JAMB na Ingilishi, cikin 60 na ci 19, wasu ma canki-canka na yi. Na shimi, wato kemistiri, kuwa abin haushi ne, na san abin sarai amma sunan ya canza. Na tsaya ina ta kallon nitrogen kamar baƙo, ashe azote ɗinmu ne. Ga shi karatun dare yanzu sai yadda hali ya yi: a ɗauke wuta, in famfo ya kawo ruwa ƙarfe uku na dare ni da ƙanwata ke tashi cika jarkoki, bakwai da rabi kuma ina aji.

To masu sani, yaushe ya fi? In bi lissafin Baba in yi bana, ko in haƙura sai baɗi? In baɗi ne, me zan ce mishi da zai gamsu?

Ɗan Birni a Kano:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Hanyar da kike shirin bi na bi ta, har na yi tuntuɓe a kanta, don haka bari in yi miki dogon bayani.

Abu na farko da ba a gaya mana a Zinder: sakamakon JAMB na shekara guda ne. In kin zana a Afrilun bana, na shiga jami'a a zangon bana ne kaɗai. Ba a ajiye shi kamar BAC da in kin samu ta zama taki har abada. Ko 300 kika ci, in sauran takardunki ba su cika ba, baɗi sai kin sake daga farko.

Sauran takardun nan su ne inda aka fi kayar da mu. Wanda ya biyo ta UTME, wato jarabawar JAMB ɗin da ake zanawa, jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, jarabawar gama sakandare ta can, kuma ga famasi Ingilishi ne da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks. Kina da su? Ba ki ambata ba, ina jin babu. Ana iya yin rajista a ce ana jiran sakamako, gaskiya ne, amma ke sakamakon me kike jira? WAEC da NECO na ƴan makaranta tsakanin Mayu da Yuli ake yin su, daidai lokacin da kike cikin ruwan BAC tsundum. Na ƴan waje, wanda ake ce ma GCE, shi ne namu, kuma babban zagayensa can wajen Nuwamba da Disamba yake. Kin ga ko kin yi JAMB a Afrilu, ki ci, sai ki zauna da maki a hannu babu abin haɗa shi da shi. Ni haka ta faru da ni. Na ci abin da ba laifi, na yi ta nuna ma mutane a waya, ya ruɓe a nan.

Akwai wata ƙofa da ake ce ma Direct Entry, wadda ba a zana UTME, kuma kowace jami'a da sharaɗinta a kai. Takardar ƙasar waje ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ke tantance ta. To ita ma sai BAC tana hannunki za ki fara maganarta. Duk ta inda kika ɓullo, BAC ce a gaba.

Sai jarabawar kanta. Mu an horar da mu da zama awa huɗu kan takardar filo, wato falsafa, a yi shimfiɗa a yi jayayya a rufe. JAMB ba ruwanta da wannan. Kwamfuta ce, tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, jimillar maki 400. Ki raba ki gani, daƙiƙa 40 ce ke kan kowace tambaya. Ki danna A ko B ko C ko D, ki danna N ki wuce. Ranar da na fara zama, ina cikin fassara tambaya ta goma sha wani abu zuwa Faransanci a kaina, yaron da ke gefena, wanda bai fi 16 ba, ya riga ya shiga darasi na biyu. Kuma kar ki ɗauka su ƴan can sauƙi take musu. A 2025 kusan mutum miliyan 1.9 suka zana, a sakamakon farko da aka fitar sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, alhali tun firamare da Ingilishi ake koya musu. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a a shekarar 150 aka sa, amma wannan na leƙa ƙofa ne kawai, famasi da likitanci sai wanda ya yi nisa sama da 200.

Da ni ne ke, ga yadda zan jera. Daga yanzu zuwa Yuli BAC kaɗai. Sakamako na fitowa, Agusta ki tare gidan ƙanwar innarki a Kabuga, ki shiga lesin na Ingilishi da na sayans da Ingilishi. Abin da kika sani a tarminal D ya isa, harshen ne za ki sauya mishi, wata uku zuwa huɗu yana yi. Nuwamba ki zana GCE. Farkon shekara ki yi rajistar JAMB kina zaune a garin, ki sa har da ta gwaji da suke yi kafin ta gaske. Afrilu ki zana. A 2024 ranar 19 ga Afrilu aka fara, a 2025 kuma 24 ga wata, to wajen nan dai take faɗawa.

Ki gaya ma Baba wannan ba zaman gida ba ne, babu watan da ba ki da abin yi a ciki.

Na Fada:

Ni fa ban ga abin tsoro ba. Kuɗin fom ɗin bai kai naira dubu goma ba a 2025, a sefa nawa ne? Ko kuɗin atamfa guda bai kai ba. Ta je ta zana bana a matsayin gwaji, ta ga yadda ɗakin yake, ta ji yadda hannu ke rawa a kan kwamfuta. In ta faɗi ba wanda ya mutu, baɗi ta koma da wayonta. Da zama gara tashi. Kuma ta faranta ma tsohonta rai, wannan ma lada ne.

Ɗan Birni a Kano:

Abokina, ba fom ɗin ne tsadar ba. Rajista ba a aike, sai ta je da kanta cibiyar da aka amince da ita an ɗauki yatsunta goma da hoto. Tafiya ɗaya ke nan. Ranar jarabawa da wurin da aka tura ta ba za ta sani ba sai an fitar da silif, kamar mako guda kafin ranar, tafiya ta biyu. Zinder zuwa Kano kusan kilomita 240 ne, amma wanda ya bi ta Matamaye da Ɗan Barto da Kwangwalam ya san ba kilomita ake ƙirgawa ba, shingaye ake ƙirgawa. Kowace tafiya kwana uku ko huɗu sun tafi. Kuma ka manta 2024? An yi rajista daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai cikin Maris. Wanda ke zaune a Kano lokacin bai ma san an yi ba.

Mushen SVT:

Ɗiyata, ni malamin lise ne, wato babbar sakandare, shekaru da dama ina riƙe da ƴan tarminal D, bari in faɗi nawa ta ɓangaren aji.

Afrilu da Mayu su ne watannin da ake cin BAC ko a faɗi. Lokacin muke rufe manhaja, muna gudu da jenetik da sauran babukan ƙarshe, lokacin ake BAC ta gwaji, ga zafin da ya haura digiri 40 wanda ko a zaune kake kai ba ya ɗauka. Ɗalibin da ke da 14 ko 15 zai iya ɓacewa mako guda ya dawo ya kamo. Mai 11 a bakin rijiya yake tsaye. Maki ɗaya ko biyu ne tsakaninsa da zagaye na biyu, kuma na ga yara masu ƙoƙari da yawa da suka je zagaye na biyun ba su dawo da komai ba. In kika rasa BAC kika kuma rasa JAMB, shekarar da Babanki ke gudun asara ita ce za ta tafi, ki dawo mini aji a Oktoba kina dubule. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na Fada, maganar gwaji da ka yi tana da ƙamshin gaskiya, sai dai gwajin ba sai an je Kano ba. Tsofaffin tambayoyin suna cikin waya. Ta sa agogo, ta ba kanta awa biyu, ranar Lahadi kaɗai, shi ma in ta gama aikin da muka ba ta.

Wani abu kuma, kuma ba don in kashe miki gwiwa ba. Kada son Kano ya sa ki manta da abin da ke ƙofar gidanku. Jami'ar da aka kafa a nan Zinder a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, tana da sashen kimiyyar lafiya, ga ta Abdou Moumouni a Yamai. Da BAC mai kyau kina iya ajiye dosiyenki a nan, ki nemi burs, wato tallafin karatu, ko da kina shirin can. In Kano ta yiwu, falillahil hamdu. In ba ta yiwu ba, ba ki tashi a tutar babu ba. Shi ya sa nake son ki nemi BAC da mansiyo, mai maki na yabo, ba ta tsallake-rijiya-da-baya ba.

In Alhaji na so, ki ba shi labarina, ya zo lise mu zauna. Iyaye sun fi jin magana daga bakin mai furfura.

Maman Biyu:

Ni ba malama ba ce, uwa ce da ta kai yara biyu can, abu biyu zan ƙara.

Ɗauko NIN ɗinki da takardar haihuwarki ta nan ki ajiye su gefe da gefe yau ɗin nan. JAMB daga NIN take kwaso suna da ranar haihuwa. Mu nan ana rubuta Aïchatou da Ousmane da Mahamadou, can Aisha da Usman da Muhammad, wani lokaci ma a juya sunan uba ya zo gaba. Babbar ɗiyata harafi biyu ne suka bambanta tsakanin takardunta, sai da muka yi wata biyu muna safa da marwa kafin a gyara. In kin tashi rajistar GCE, yadda yake a NIN haka za ki rubuta, harafi da harafi. Layin wayar Najeriya da za ki tura NIN da shi zuwa 55019 don a ba ki lambar rajista, naki ne ke kaɗai, ki adana shi kamar zinari, kar ki yi da na Alhaji da ke yawo kasuwa.

Na biyu, lalle. Na ji kin ce tafiyar sarin kayan salla. Na'urar ba ta son yatsa mai lalle, hukumar da kanta tana jan kunne a kan haka, kuma in ba ta karanta yatsanki ba ranar jarabawa ba za ki shiga ɗakin ba. Ko bana ko baɗi, wannan sallar a yi ta da farin hannu.

Ƴar Zango:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Ɗan Birni, wallahi ban taɓa sanin maganar kiredit biyar ɗin nan ba, Baba ma na tabbata bai sani ba, shi JAMB kawai ya ji ana faɗa a Kwari. Mama, na duba. A NIN sunan Baba da "U" ya fara, a takardar nan da "Ou", kuma a ɗaya an sa kakana a ɗayar babu. Ashe da na tafi da haka.

Na karanta ma Inna duka bayan magariba, ta ce in bar mata Baba, ita ta san lokacin da ake kai mishi magana, ba yana dawowa daga kasuwa ba. Amma ta ce abin da zai fara tambaya shi ne kuɗin lesin daga Agusta zuwa Afrilu, da na GCE. Yaya, kai nawa ka kashe a naka lokacin, kuma wane ka zana, na WAEC ko na NECO?

Mushe, gobe muna da debuwar na fizik, bari in je in kama.